Fararen Furannina da Sabon Idon Inna

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na ƙawata gidana da furanni ba, domin har yau idan na je Kekun Waje, ƙauyen su maigidana, akwai matan da ke janye 'ya'yansu gefe in na zo wucewa. Wasu kuma, waɗanda suka fi ba ni haushi, ni suke ja gefe su ce in taimaka musu.

Ni dai mace ce mai son ado, wannan ban musa ba, kuma ba adon jiki kaɗai ba, har na gida. Idan na shiga gidan mutane bakina ne ke gaisuwa, idona yana kan labule. A bariki na tashi, mahaifina ɗan sanda ne, bana muna wannan gari baɗi muna wancan. Saboda haka abubuwa da yawa da kowace 'yar ƙauye ta sani tun tana goye, ni sunansu kawai nake ji. Ku riƙe wannan, zai yi muku amfani a gaba.

Abin ya faro ne daga Rifkatu, ƙawata tun makarantar kwana, wadda aikin jinya ya kai ƙasar Turawa. Wata rana cikin bazara, irin zafin Gusau ɗin nan da ko fanka ka kunna iskar murhu take huro maka, sai ga bidiyo ta turo min. Wasu 'yan fararen furanni ne ƙanana, sun huda dusar ƙanƙara sun fito, kowanne ya sunkuyar da kai kamar amarya. Ta ce su ne ke fara fitowa idan sanyi ya zo ƙarewa, mutanen can har ɗokinsu suke yi. A jera su a bakin taga, a dasa a gefen hanyar shiga gida, a sa a ɗan kofi a kan teburin cin abinci. Ta nuna min tata tagar. Na kalli bidiyon nan har cajin wayata ya kusa ƙarewa, sannan na ɗaga kai na dubi tsakar gidana a Damba, sabon gini, babu komai sai siminti da igiyar shanya da bokitin wanki. Nan take na ji gidan ya fita raina.

Na zaga wajen masu sayar da shuke-shuke a bakin titi ina nuna musu hoton. Ɗaya ya daɗe yana dubawa, ya miƙo min wayata ya ce, "Hajiya, wanga ko cikin firji kinka dasa shi, ran da anka ɗauke wuta ya mutu." Mai hankali da nan zai haƙura, amma ni sai na ɗauka ƙyashi yake min.

Akwai kuma dalilin da ya sa na matsu. Inna, mahaifiyar maigidana, za ta zo a yi mata aikin ido, kuma a gidanmu za ta zauna. Tun da aka yi aurenmu Inna ba ta taɓa kwana gidanmu ba. Ba ta taɓa gaya min baƙar magana ba, in faɗi gaskiya, amma ba ta taɓa kiran sunana ba. "Matar wancan" take ce min, shi ma wancan ɗin ba ta faɗin sunansa don ɗan fari ne. A ganinta ni ce 'yar bokon da ta ɗauke mata ɗa ta kai shi birni (birnin da ko fura ka ɗauko daga ƙauyensu za ka iso da ita ba ta yi tsami ba). Abin yana damuna fiye da yadda nake nunawa. Na ƙudurta cewa wannan zuwan, sai Inna ta ga gidan da za ta yi alfahari da shi.

Ruwan farko ya sauka ana saura 'yan kwanaki ta zo, muka je suna Tsafe gidan wata malama da muke koyarwa tare. Hayaniya ta yi yawa, na zaga bayan gida in amsa waya. Ina ɗaga ido, a gefen wata gona da ba a riga an shuka ba, sai ga fararen furanni sun fito tsirara daga jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sun fi na Rifkatu girma, kuma kansu a miƙe yake, amma farare ne tas, ga ƙamshi. Na manta da wanda nake waya da shi. Na koma ciki na ari tsohuwar wuƙa wajen masu girki, na tattare leshina, na tsuguna na hau tono. Da na ga suna da kai a ƙasa irin na albasa, kamar yadda Rifkatu ta ce nata suke, sai na ce shi ke nan, 'yan gida ɗaya ne, nasu dai ya yi boko.

Ina cikin tono na ji shiru a bayana. Mata ne sun tsaya a bakin danga suna kallona. Wata dattijuwa ta ce, "Ke ɗiyar ga, da rana tsaka? Gaban mutane?"

Na ce, "Ai ba na kowa ba ne, Baba, da kansa ya fito."

Ta girgiza kai ta koma ciki. Da za mu tafi kuma wata matashiya da goyo ta biyo ni har bakin mota, ta karɓi lambata, ta rage murya ta ce, "Don Allah in ya yi miki aiki ki tuna da ni." Na ce mata kada ta damu, zan turo mata hoto.

Daga nan na shiga intanet neman yadda ake kula da furanni, kuma duk abin da na karanta na bi shi sau da ƙafa. An ce tukunyar ƙasa ta fi roba, na je kasuwa na sayo 'yan ƙananan tukwane. Na ga sun yi fili da yawa, na yayyaga ragowar jan yadin wani anko na ɗaura wa kowace a wuya. An ce ɓawon ƙwai yana ƙara musu ƙarfi, na daka na barbaɗa. An ce a riƙa zuba musu ruwa da 'yar madara a ciki, na ware musu kofinsu. Wata Baturiya mai farin gashi kuma ta rantse cewa shuka tana jin magana, idan kana yi mata hira da safe ta fi saurin girma, na ce wannan ai ko kuɗi ba a biya. Abu ɗaya ya rage, kan da suka ƙi sunkuyarwa. Na ɗauko baƙin zaren kitso na ɗaure wuyan kowane fure, na ja shi ƙasa na ɗaure a bakin tukunya. Na jera wasu a ƙofar gida, wasu a bakin tagogi, ɗaya a gefen gadon maigida.

Da ya dawo daga aiki ya tsaya ya dube su, na ga ya buɗe baki kamar zai yi magana. Ya kalli fuskata, ya ga yadda nake washe haƙora, sai ya ce, "Sun yi kyau." (Haka yake cewa a kan komai, har ranar da na ƙona masa babbar riga.)

Inna ta iso da yana a ido biyu, ba ta ganin komai sai haske da inuwa. A asibiti aka auna jininta aka ce ya hau, sai ya sauka za a yi aikin. Haka ta zauna wajena kusan mako biyu, kuma ban taɓa jin daɗin wasu kwanaki a gidan aurena kamar waɗannan ba. Ni ke riƙe hannunta in kai ta banɗaki, ni ke juya ta ta fuskanci alƙibla. Na koyi tuƙa tuwon dawa yadda take so, da miyar kuka ba gishiri, tana ci tana tsine wa likita. Da yamma in yanke mata farce tana ba ni labarin wancan yana yaro, yadda jaki ya taɓa kayar da shi cikin rijiyar lambu. Wata rana iska ta kaɗo ta ce, "Ƙamshin mi na nika ji?" Na ce furanni ne, don ita na dasa. Ta ce Allah shi yi albarka. A ranar ne kuma, ina madafi, na ji ta ƙwala kiran sunana, sunana na yanka. Na tsaya da muciya a hannu ina hawaye, tuwo yana kamawa.

Aka yi aikin ido ɗaya lafiya, washegari aka cire bandeji. Duk hanyar dawowa Inna tana karanta duniya kamar sabuwar haihuwa, tana cewa ashe wancan ya yi furfura, ashe ni ba baƙa ba ce sosai. Ni kuwa zuciyata tana ƙofar gida. Tun da safe na shafe tukwanen nan da tsumma, na sabunta musu jan ƙyalle.

Muna isa ta sauko daga mota, ta taka biyu, ta tsaya cak. Ta dubi tukwanen dama, ta dubi na hagu, ta sunkuya kaɗan duk da likita ya hana ta, ta ga ɓawon ƙwai da baƙin zare. Na gyara tsayuwa ina jiran yabo. Na ji tana motsa baki tana neman tsari, na ce a raina hasken rana ne ya soki idon. Ta tattare zanenta ta raɓa ta jikin bango ta shige, ba ta bari ko gefen mayafinta ya taɓa su ba.

Daga ranar Inna ta daina cin abincina. Na kai tuwo ta ce azumi take. Litinin ce, na ce to. Talata ma ta ce azumi, Laraba ma haka. Na ce, "Inna, likita fa ya ce a ci abinci kafin a sha magani." Ta ce ramuwa ce ta tuna ana bin ta tun ta ƙuruciya. Ruwa da kanta take tara a famfo, da magariba kuma in ji tana ɓarzar ƙuli-ƙulin da ta zo da shi a jaka. Maganin ɗigawa a ido da ni ke sa mata, ta ce a bar wa wancan. Sunana kuma ya koma inda ya fito, na sake zama matar wancan. Abin ya yi min ciwo ƙwarai. Na zauna na bi duk abin da na yi mata ɗaya bayan ɗaya ban ga laifina ba, har na fara zargin ko fuskata ce da ta gani ba ta yi mata ba.

Da na gama nazarina, sai na gano cewa kewar ƙauye ce ke damunta. Mutumin da ya saba buɗe ido ya ga kore, an kawo shi cikin siminti. Kuma maganin wannan ai ina da shi. Tana banɗaki na zaɓi tukunyar da ta fi kowace kyau, na kai ɗakinta na ɗora a taga, daidai saitin kanta.

Washegari bayan sallar asuba na shiga da kofin madara a hannu. Tana kwance ta juya baya, na ɗauka ta koma barci. Na taka a hankali na tsiyaya madarar, na gyara zaren, na sunkuya na yi musu hirar safe cikin raɗa kamar yadda na saba. Na ce, "Haba 'yan lelena, ga Inna nan kusa da ku, duk don ita na kawo ku gidan nan. Ku yi ƙoƙari mana, ku sanyaya mata zuciya ta saki jiki da ni kamar da."

Ina juyowa muka haɗa ido, wato sabon idon, a buɗe tar, carbi a hannunta. Na ce, "Ina kwana, Inna." Ta ja bargo ta rufe har kanta.

Da rana na ji ta sa wancan ya kira mata yayanta, Kawu Sani, a waya, ta kuma ce wa wancan ɗin ya fita ya ja ƙofa. Ranar Asabar sai ga mota cike daga Kekun Waje, Kawu Sani a gaba, Gwaggo Hajo, ƙanwar mahaifin maigida, da sauran dangi a baya. Na yi murna, na ce 'yan dubiya ne, ko Inna ta gansu ta ci abinci. Na shige madafi na dafa shinkafa da miya tukunya guda, na yanka kaji, ban san abin da ake yi a waje ba.

Da na fito da tire a hannu, sai na tarar an kwaso tukwanena kaf an tara a tsakiyar gida, har da na gefen gadon maigida. An shimfiɗa tabarmi a jikin bango, nesa da su, kowa ya zauna ya zuba musu ido. Maigida yana tsugune gefen Kawu ya cire hula yana sosa kai. Wallahi abin da ya zo min shi ne, Allah sarki, mutanen ƙauye ba su taɓa ganin irin wannan ado ba, har sun tara su wuri ɗaya don kowa ya samu gani. Na ajiye tire, na durƙusa na gaishe su, na kuma matsa kusa da tukwanen don in an yi tambaya in amsa.

Kawu ya yi gyaran murya ya nuna da sandarsa. Ya ce, "Malama, wanga kayan na wa na?"

Na ce, "Nawa ne, Kawu."

"Wa ya ba ki?"

"Ba wanda ya ba ni. Da hannuna na tono su a Tsafe."

Aka yi 'yar ƙaramar hayaniya a tabarmar mata. Na ɗauka mamakin ƙoƙarina suke, sai na ƙara gyara zama. Kawu ya ce, "An ce kina ba su nono."

Na ce, "Madara dai, Kawu, ta gwangwani. Da ƙwai. Amma ɓawon kawai suke so."

"An ce kina yi musu magana."

"Kullum da asuba. Ai suna ji, in ka daina sai su yi fushi."

Maigida yana ta yi min alama da ido, ni kuma na ɗauka yana nufin in yi bayani sosai. Na nuna musu zaren, na ce da farko duk kansu a sama yake, ni na ɗaure su har suka sunkuya, yanzu ko na kwance ba sa iya ɗagowa. Gwaggo Hajo ta dafe ƙirji. A hankali Kawu ya ce, "To duk wanga aiki, don wa kinka yi shi?"

Na waiga na dubi Inna cikin ƙauna na ce, "Don Inna."

Salati ya tashi ko'ina. Gwaggo Hajo ta miƙe tsaye tana tafa hannu tana cewa, "Kun ji da bakinta. Gadali a ƙohwa, gadali a kan gadon miji, gadali a kan uwar miji, kuma ko kunya babu."

Gadali. Na san sunan kamar yadda kowa ya san shi. Na san shuka ce da ake cewa masu asiri suna ajiyewa a tukunya, suna ba ta nono, suna gaya mata buƙatunsu, a mallake miji ko a juya zuciyar wani. Abin da ban taɓa yi ba shi ne ganinsa da idona. Na juya na dubi tukwanena, kuma a karon farko na gansu yadda kowa ke ganinsu: tukunyar ƙasa, jan ƙyalle, baƙin zare, ƙwai, ga farin madara ya bushe a baki. Ko ni aka nuna wa su a gidan wata, ba zan sha ruwan gidan ba. Na tuna dattijuwar Tsafe, na tuna mai goyo, na tuna abin da na raɗa a kan Inna da asuba. Na zauna daɓas a kan siminti.

Maigida ya yi ƙoƙarin cetona. Ya ce, "Kawu, wallahi ado na kawai. Ni tun ran farko na ga ya yi kama da shi, na so in yi magana, sai nig ga tana murna, na kasa."

Kawu ya dube shi da tausayi ya ce, "Ka gani, ka so ka yi magana, ka kasa."

Ya ce, "Ba haka nika nuhi ba. Ni duk abin da taka so shi nika so."

Gwaggo Hajo ta fashe da kuka. Na roƙe shi da ido ya yi wa Allah ya daina kare ni.

Da bakina ya dawo, na rarrafa na ɗauko waya na buɗe bidiyon Rifkatu. Na yi bayanin ƙanƙara da ƙarshen sanyi da tagogin Turawa. Wayar ta zaga hannu zuwa hannu. Kawu ya nisanta ta da fuskarsa ya duba, ya ga 'yan tukwane jere a taga, ya ga wata tsohuwar Baturiya ta tsuguna tana shafa furen tana magana. Gwaggo Hajo ta leƙo ta kafaɗarsa, ta share hawaye ta ce, "Ashe har Nasara na yi."

Wani daga cikin samarin da suka zo ya kasa riƙe dariya, ya fita waje da gudu. Kawu kansa na ga gemunsa yana motsi. Ya ce shi dai a ganinsa wauta ce ta yi min yawa ba mugunta ba, don bai taɓa jin mai asirin da ke jera kayanta a ƙofar gida tana goge su da tsumma ba. (Ban taɓa jin daɗin an kira ni wawuya ba sai ranar.) Amma ya ce magana tana wajen mai ita.

Duk idanu suka koma kan Inna. Sai yanzu ta gyara zama, ba ta dubi kowa ba, ta ce, "Ku bari in hwaɗi abin da as sa nik kira ku. Na zo gidan ga ba don ina so ba. Ɗiyar ga ban taɓa jin ta cikin raina ba, Allah na gani. To ban daɗe ba sai nij ji in ta tahi makaranta ina sauraren buɗe ƙohwa. In ta yi dariya cikin madahi sai in ji ni ma ina yi. Nic ce, ni Hajara, mi as same ni da tsuhwana? Ran da anka buɗe min ido nig ga tukwane, sai nic ce, to ga dalili."

Ni dai ban san ko kuka zan yi ko godiya ba. Ban taɓa jin an ce ana sona ta hanyar da ta fi wannan muni ba, kuma ban taɓa jin wadda ta fi ta shiga raina ba.

Inna ta ce a fitar da su a fasa, ita za ta zauna ta ga abin da zai biyo baya. A nan wata sabuwa ta taso, don direban motar ya rantse ba za a sa masa su a mota ba, samarin da suka tara su ma da leda a hannu suka yi, sun ce sun yi iya nasu. Kawu ya yanke hukunci cewa wadda ta kawo ita za ta mayar. Haka na jera tukwanen nan a babban baho na ɗora a ka, na fito titi da rana tsaka, Kawu yana gaba da sanda, dangin miji suna biye da ni suna karanta duk abin da suka haddace. Maƙwabta suka fito ƙofa. Matar mai shagon layinmu, wadda na sha yi wa gorin cewa gidanta ba tsari, ta ce, "Malama, sannu da aiki." Na ce yauwa. A wani kwari bayan unguwa na fasa su ɗaya bayan ɗaya da dutse, Gwaggo Hajo tana tsaye tana nuna min waɗanda ba su fasu da kyau ba.

Da muka dawo Kawu ya tofa addu'a a kan shinkafata, aka cinye ta tas har da ƙanzo, suka hau mota suka tafi. Inna ta zauna, don saura ɗaya idon.

Kwanakin da suka biyo baya muka riƙa zagaye juna kamar baƙi. Ta fara cin abinci, amma kaɗan, kuma ina lura da ita tana lura da kanta. In na yi dariya sai ta tsuke fuska ta yi shiru, kamar mai sauraren ko ciwon ciki ya tafi. Ni kuma ko tsintsiya na daina yi wa magana.

Wata yamma ina tsince shinkafa a tsakar gidan nan da ya koma siminti da igiyar shanya, tana zaune a tabarma ta daɗe tana kallona. Can ta ce, "Tukwanen ga, kin tabbata dut an hwashe su?"

Na ce, "Duka, Inna. Gwaggo ce shaida."

"Babu guda da kinka ɓoye? Ko ƙarƙashin gado?"

"Babu, Inna."

Ta ja carbinta. Sannan ta yi tsaki, ta kira sunana, ta ce, "To ni dai abin bai sake ni ba." Ta laluba gefen zanenta ta kwance kwalbar maganin ido ta miƙo min, ta kwantar da kai a cinyata. Ɗigo na farko ya sauka a kuncinta, ta ce in natsu, magani da tsada.

Yanzu tsakar gidana kore ne shar, amma babu abin da ke cikinsa da ba ya shiga miya. Zogale ne da alayyahu da yakuwa, Inna ce ta kawo irin da kanta, kuma ko su ba na gaishe su sai na waiga. Na koyi cewa kafin ka tono abu a bayan gidan mutane ka ɗaura masa jan ƙyalle, ka tambayi tsohuwar da ke girgiza kai dalilinta. Duk ƙarshen sanyinsu Rifkatu tana turo min fararen furanninta, in ce masha Allah in rufe waya. Mai goyon nan ta Tsafe kuwa har yau takan kira ni ta tambaya ko ya yi aiki, kuma tsakanina da Allah ban san amsar da zan ba ta ba.